Hasumiyar Ammi Yusufu

Wata Laraba ce cikin watan Rajab na shekarar 1368, wato 1949, bayan la'asar, ƙwallonmu na tsumma ya maƙale a kan rufin ɗakin Ammi Yusufu. Babu tsani a hoshinmu, wato babban tsakar gidan da iyalai bakwai ko takwas muke zaune a cikinsa a unguwar Misfala ta Makka, don haka muka yi dabarar da yara ke yi. Yayana Sani ya dafa bango, wani yaro ya hau kafaɗarsa, aka ce ni in hau can sama tunda ba ni da nauyi. Hannuna ya kai ga ƙwallon ke nan sai ƙofar ɗakin ta buɗe, Yaya Sani ya tsorata ya zame, muka zubo ƙasa mu uku, ni da goshi, su da gwiwa. Muna kwance cikin ƙura muna jiran ashar da duka, sai muka ga mutumin nan fari, mai jan wuya, hannuwansa duk farar ƙasa, ya saki baki yana kallonmu, hawaye na bin gemunsa. Wallahi na zaci kwanon rufinsa yake yi wa kuka. Sai ya ce da Larabcinsa mai gargada: "Ku sake, don Allah ku sake. Amma ba haka ake yi ba, za ku karya ɗan ƙaramin nan."

Ɗan ƙaramin nan ni ne, Haruna, amma ba wanda ke kirana haka sai malaminmu na allo, daga baya kuma Ammi Yusufu. Kiyashi ake ce mini. Shekarata bakwai a lokacin, wanda bai sani ba sai ya ce huɗu. In za a yi langa ba mai ɗaukata a ɓangarensa, in an yi kokawa ni ne mai tsaron takalma. Babana, Malam Audu, saƙƙa ne, mai sayar da ruwa. Tun asuba yake saɓa zafa, garwa biyu a rataye a gora, daga bazan inda ake ɗibar ruwa zuwa gidajen Makkawa masu hawa uku da huɗu, ya hau ya sauko har rana ta faɗi. An zo da shi Makka yana yaro, a ƙafa, daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ta Sudan, kuma bai sake ganin gida ba. Inna kuwa daka take yi wa gidajen masu hali, ta dawo ta soya gyaɗa ta ɗora mana talla zuwa ƙofar Harami. Aikina na gida shi ne ɓare gyaɗa, da korar awaki daga shanya, da riƙe wa Baba buta. Yaya Sani tun yana ɗan sha biyu ya fara ɗaukar rabin garwa. Ni ko kofi na ɗauko sai na zubar da rabi, Baba ya dube ni ya girgiza kai ya ce Allah dai ya raya.

Ammi Yusufu, wato baffa Yusufu da Larabci, magini ne, mai yaɓen farar ƙasa da ake kira nura, shi kaɗai ne ba Bahaushe ba a hoshin. Mutanen unguwa suna ce masa Andalusi, shi kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi haka. Sai ya buga ƙirji ya ce shi Katalani ne, ƙasarsu tana da harshenta da tutarta da girkinta, kuma tsakaninta da Andalus tafiya ce mai tsawo. Labarinsa a gutsure muka tsince shi. An yi yaƙin basasa a ƙasarsu, ɓangarensu ya sha kashi, ya tsallaka duwatsu cikin ƙanƙara da ɗansa a kafaɗa, yaron bai kai ƙarshen hanya ba. Daga baya aka kwashe su aikin ƙarfi a hamadar Aljeriya, ciwo ya kayar da shi, wani tsoho ya ɗauke shi ya yi jinyarsa, a hannunsa ya musulunta, da shi ya zo Hajji, tsohon ya rasu a Mina, shi kuma ya zauna. Ya ce a can gida an hana su magana da harshensu a makaranta da ofis, don haka a Makka yake yinsa son ransa, da tantabaru da kuliyoyi. Yana da abubuwan mamaki. Busasshen tamis, gurasar nan ta tanda, zai ɗauka ya goga masa tumatir ya ɗiga mai ya barbaɗa gishiri, ya ci yana lumshe ido, Inna tana leƙe tana cewa an yi asarar kayan miya. Duk finjalin shayi ko farantin tangaran da ya fashe a unguwa mu muke tsinto masa, ya liƙa gutsattsarin a jikin ƙofarsa da nura, shuɗi kusa da kore, har ƙofar ta fi ta mai unguwa kyau. Ya ce a birninsu akwai bangaye da kujeru da aka yi wa ado da fasassun kwanoni, kuma manyan mutane na zuwa kallo.

Amma abin da ya fi cin ransa shi ne abin da ya kira kastel, hasumiyar mutane. Ranar da muka zubo ɗin nan ya zaunar da mu a inuwa ya zana mana ita a ƙasa da yatsa. Ya ce a garinsu, in ranar biki ta zo, duk gari ke taruwa a dandali. Ƙarfafa su tsaya a tsakiya su riƙe kafaɗun juna, sauran jama'a su matso su tokare su ta baya, ƙirji a gadon baya, kai a sunkuye, mahauci da likita da mai gona da mai shara, ba babba ba ƙarami. Sai samari su taka su su hau, wasu su hau kan waɗannan, ana ta ragewa ana sirancewa, har a kai hawa bakwai ko takwas. Can ƙarshe sai ɗan yaro mafi ƙanƙanta a gari ya bi ta bayansu ya hau ƙololuwa, ya ɗaga hannu da yatsu huɗu, adadin jajayen layukan tutarsu. Akwai masu busa wata 'yar algaita, busar tana canzawa da kowane hawa, don na ƙasa ba sa iya ɗaga kai, da kunne suke sanin inda yaron ya kai. "Kuma hawa ba shi ne gwaninta ba," in ji shi, "sai kowa ya sauko da ƙafarsa sannan a ce an yi." Shi mai tsayawa a ƙasan hasumiya ne, ubansa ma haka, ɗansa da ya rasu kuwa shi ne mai hawa sama. Da ya faɗi haka sai ya dube ni ya ce duk Misfala bai ga wanda aka halitta don wannan aiki kamata ba. Kai, ranar ban ci tuwon kirki ba don daɗi.

Daga nan muka samu sabon wasa. Muna tasowa daga makarantar allo, bayanmu na raɗaɗin bulala, sai mu jefar da alluna mu yi ƙofar Ammi Yusufu. Ya fito da abu ɗaya tak da ya rage masa daga gida, wani dogon baƙin ƙyalle mai suna fasha, ya sa Yaya Sani ya riƙe bakinsa, shi kuma ya riƙa juyawa yana naɗe shi a ƙugu tamau. Fasha na tsare bayan mai ɗauka, kuma ita ce matakalar mai hawa. Ya koya mini in sa babban yatsan ƙafa a bayan gwiwarsa, in cusa ɗayan a fasha, in kama kafaɗa, in manne da jikinsa kada in bar iska tsakaninmu, kada kuma in kalli ƙasa. Ya hana mu dariya in muna sama, ya hana mu dira. Duk wanda ya ji ba zai iya ba ya faɗa, a sauko, ba gori. Muka kai hawa uku, shi a ƙasa, yara a kansa, amma daga nan abin ya tsaya. Yara ba sa ɗaukar hawa biyar. Yana bukatar manya, kuma manyan da ke da irin kafaɗar da ake so suna nan a hoshinmu, kullum suna wucewa ta gabansa da zafa.

A cikin watannin nan ne muka lura idonsa na tafiya. Nura ta daɗe tana cin idanun, ga hasken ranar Makka. Da farko sai ya riƙa kiran Sani da sunana. Daga baya ya daina liƙa tangaran, don ba ya bambanta shuɗi da kore. Wani mai magani ya ɗiga masa abin da ya ɗiga, ya ce sai haƙuri. Ammi Yusufu bai ɓoye mana ba, ya ce duniya tana zama masa kamar ana kallonta ta cikin koko, kuma abu guda yake roƙon Allah kafin a rufe: ya ga hasumiya ta gaske sau ɗaya, ko mai hawa biyar ce, da yaro a samanta ya ɗaga hannu. Ba zai koma gida ba, ya sani. Mu yara muka ɗauki abin da zafi, kullum in na gaishe shi sai na ɗaga yatsu daga nesa in ce nawa ne, kullum kuma sai na ƙara matsowa kafin ya faɗa daidai.

Sai ya tafka kuskuren da ya kusa rusa komai. Wata safiya ya lallaba zuwa bazan, inda masu ruwa ke layi, bai yi wa kowa bayani ba, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya yana danna kafaɗunsu, yana matsa damtse, yana gwada tsayin wannan da na wancan, yana murna yana cewa wannan zai yi, wannan ma zai yi. A garinsu haka shugaban hasumiya ke yi, kuma wanda aka taɓa alfahari yake. Amma nan Makka ce ta wancan zamani, inda har lokacin akwai wurin da ake matsa damtsen baƙin mutum don a san farashinsa. Mutanenmu 'ya'ya ne, ba bayi ba, da ƙafarsu suka zo ɗakin Allah, kuma ba abin da suke tsaro kamar a yi musu kallon kaya. Ina wurin, na kawo wa Baba ƙosai. Da farin hannun nan ya sauka a kafaɗar Baba, sai na ga Baba ya ajiye zafa a hankali, ya kama hannun ya cire shi, ya ce da Hausa, ba da Larabci ba: "Ni ba na sayarwa ba ne." Ammi Yusufu bai ji Hausar ba, amma ya ji muryar, ya tsaya yana waige-waige da idanun da ba sa gani sosai, har wani ya ja shi gefe.

Da yamma Baba ya tara mu ya kafa doka. Ba mu ba ƙofar Bature, ko da ya musulunta sau goma. Da Yaya Sani ya yi ƙarfin hali ya bayyana masa yadda hasumiyar take, ai sai wuta ta ƙara ruruwa. Wato shi Audu zai tsaya, ɗan da ya haifa ya sa ƙafa a kafaɗarsa ya miƙe a kansa? Mu da ko tabarma ɗaya ba ma hawa da shi, mu da sai mun tuɓe takalmi mun durƙusa muke gaishe shi? Ya ce duk yini yana ɗaukar ruwan mutane, lokacin Hajji ya ɗauki tsofaffin alhazai a kan makara ya yi musu ɗawafi, bai isa ba sai ya dawo gida a mai da shi tsani. Ban ga laifin Baba ba, har gobe ban gani ba. Amma na yi kuka ranar, kukan da ban san ko na Ammi Yusufu ne ko nawa ba, don abu ɗaya da aka taɓa cewa na iya shi ne aka rufe.

Haka aka shafe watanni. Ruwan sama ya zo sau ɗaya, ambaliya ta bi ta Misfala kamar yadda ta saba, muka kwashe laka, sanyi ya wuce, zafi ya dawo. Ammi Yusufu ya daina fita aiki. Sai ya zauna a ƙofarsa da fasha a cinya yana yi wa tantabaru magana, in mun wuce ya ji sawunmu ya kira, mu yi kamar ba mu ji ba, abin na cin raina. Inna ce ba ta bi dokar ba. Kullum sai ta aika masa da kunu ta hannun wata maƙwabciya, kuma ta kafa wa Baba ƙahon zuƙa da irin maganarta ta gefe, tana tankaɗe tana yi kamar da rariya take. Wata rana ina ɓare gyaɗa na ji ta ce: "Malam, kai da alhazan Kano suka kawo daddawa bara, ba kai ka shige ɗaki da ita kana shaƙa kana share ido ba? Shi wa zai kawo masa tasa daddawar?" Baba ya ce ta kiyaye shi. Ta ce ta kiyaye, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi, yaron da ke kai wa Ammi Yusufu ruwa ya yi zazzaɓi, Baba kuwa ba zai bar maƙwabci da ƙishi ba ko da suna gaba. Ya saɓa zafa da kansa, ni ina biye da shi. Muka tarar da Ammi Yusufu yana ƙoƙarin zuba sauran ruwansa daga kwano zuwa tulu, yana zubawa a ƙasa gefen tulun, bai sani ba. Ruwan da Baba ya san nauyin kowane ɗigonsa. Baba ya tsaya yana kallo, ya cika tulun, sannan ya yi sallama. Da Ammi Yusufu ya gane muryar sai ya miƙe, ya ce an bayyana masa abin da ya yi a bazan, ya rantse bai sani ba, a garinsu wanda ke ƙasa shi ne mai daraja, shi kansa shekara ashirin ana taka shi. Baba ya tambaye shi ko da gaske ne attajiri na tsayawa ɗan talaka ya taka shi. Ya ce da gaske ne, har kunnensa ake takawa. Sai Baba ya kamo hannun nan da ya taɓa cirewa, ya ɗora shi a kan kafaɗarsa ta dama, ya ce: "To taɓa. Yanzu ni na ba ka."

Da Malam Audu ya yarda, sauran masu ruwa ba su yi wuya ba, sai tsiya da suka riƙa yi masa, wai tsufa ya zo masa da wasan yara. Duk azumin nan, bayan an sha ruwa an ɗan huta, sai a rufe ƙofar hoshi a gwada. Aka sa rana, kwana na uku na ƙaramar Sallah. Matsala biyu ta taso. Fasha ɗaya ce, masu bukata da yawa, sai wani ya ce ai rawani ma ƙyalle ne. Busa kuwa ba halin yi, don a Makkan lokacin in aka ji algaita a gidanka sai ka yi bayani a gaban hukuma. Ammi Yusufu ya riƙa yin busar da hanci, Inna na saurare daga madafa, sai ta ce in dai don na ƙasa su san inda aka kai ne, a bar mata. Ba wanda ya taɓa hana mace daka. Ta samu mata biyu, suka shirya lugude a turmi ɗaya: a hankali in ana hawa na biyu, da sauri in an kai na huɗu, in yaro ya ɗaga hannu su jefa taɓare sama su tafa.

Ranar ta zo da zafi mai tsanani, aka jira rana ta karkata. Maza wajen talatin suka tuɓe rigunan Sallah, suka warware rawunansu suka naɗe a ƙugu. Ban taɓa ganin dattawan hoshinmu kai ba hula a tsakar gida ba sai ranar. Ammi Yusufu ya naɗa wa Baba baƙar fasha da hannunsa. Aka ajiye masa kujera ta yadda hasumiyar za ta tsaya tsakaninsa da hasken yamma, ko inuwarta ya gani. Baba da ƙarfafa biyu suka riƙe juna, jama'a suka tokare su, turmi ya fara. Yaya Sani ya durƙusa a bayan Baba ya ce, "Baba, a gafarce ni," Baba ya ce, "Hau, kada ka ɓata mana lokaci." Samari uku suka miƙe a sama, yara biyu suka fara bin bayansu. Ina tsaye kusa da kujera ina jiran a kira ni, sai na ji Ammi Yusufu ya kamo rigata, fuskarsa na kallon wani gefe dabam, ya ce: "Haruna, sun fara?" Ga abin a gabansa, tsayin mutum uku, bai ga komai ba. Mun makara.

Na faɗa da ƙarfi cikin kuka cewa ba ya gani. Turmi ya tsaya. Daga can cikin taron na ji muryar Baba a shaƙe yana cewa a sauko a hankali, aka sauko ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana. Kowa ya yi cirko-cirko, wasu sun fara kwance rawani. Baba ya fito yana haki, ya tsaya a gaban kujerar, ya tambayi Ammi Yusufu, shekara ashirin ɗin da ya yi a ƙasan hasumiya, sau nawa ya ga yaron ya ɗaga hannu. Ammi Yusufu ya ce ko sau ɗaya, ai na ƙasa ba ya ɗaga kai. Baba ya ce to me ya kai shi kujera? Ya kama shi ya tayar, ya ja shi har tsakiya, ya sa shi a gabansa ƙirji da ƙirji, ya ɗora hannuwansa a kan nasa, ya ce wa jama'a a matso. Inna ta share fuska da bakin zane ta ɗaga taɓarya.

Wannan karon da aka kira ni ban ji tsoro ba, ko kuma na ji ban sani ba. Na bi ta kan bayan mutane, gumi na sa ƙafata santsi, na zo kan Baba. Da na sa tafin ƙafata a kafaɗarsa sai na ji wani abu mai tauri kamar busasshiyar fata, faɗin tafin hannu. Kanta ce, ta gorar zafa. Shekarata takwas ina cin abinci daga wannan kanta ban taɓa sanin tana nan ba. Na bi bayan Yaya Sani, na bi na sama da shi, hasumiyar na rawa a hankali kamar mai numfashi, lugude na ƙara sauri. Na tsallaka yaron hawa na huɗu da ke tsugune a ƙoli, na miƙa hannu da yatsu huɗu, na ji taɓare sun tashi, mata sun tafa, wata ta kasa daurewa ta rangaɗa guɗa. Ta saman katanga na hango kawunan hasumiyoyin Harami da tantabaru na kewaya su. An hana ni kallon ƙasa, amma na kalla. Na ga kawuna a sunkuye a manne da juna, na ga furfura a tsakiyar kan Baba, goshinsa a jingine da jan kan Ammi Yusufu.

Muka sauko kowa da ƙafarsa. Da taron ya buɗe, Ammi Yusufu bai saki Baba ba, yana ta magana da harshensu, wanda ba mai ji sai tantabaru. Da ya dawo Larabci sai ya lalubo kaina ya ce tun kafin mata su tafa ya san na kai, don in yaro ya ɗaga hannu nauyin yakan koma gefe ɗaya ya dawo, kuma ya ji shi ya sauko ta kafaɗar Malam Audu ya shiga ƙirjinsa. "Na gan ta," in ji shi, "hawa biyar, a miƙe." Baba ya ɗaga ni sama da hannu ɗaya ya ajiye, ya ce ashe Kiyashi ma da ranarsa. Malamin allonmu da ya ga yatsu huɗu ya ce Halifofi ne, madalla, ba wanda ya gyara masa.

Ba mu sake yi ba. Ammi Yusufu ya rasu bayan Hajjin shekarar da ta biyo, mutanen da suka tokare shi ranar nan su suka ɗauke shi zuwa maƙabarta. Fasha ya bar wa Baba, Baba kuma ya riƙa ɗaura ta yana ɗaukar zafa har famfo ya shigo gidaje aka daina neman saƙƙa. Yanzu hoshinmu babu shi, ko wurin ban iya nunawa daidai ba, otal-otal ne masu hawa talatin da arba'in, ba wanda ya san sunan na kusa da shi. Kwanakin baya jikana ya nuna mini a waya mutanen Kataloniya suna hasumiyarsu, hawa tara, har da 'yan mata a sama, dandali cike, algaita na tashi ba mai hanawa. Na so a ce Ammi Yusufu ya ji wannan busa. Na fara ba yaron labari da Hausa, sai ya ce, "Jaddi, bil Arabi," wai, kaka, in faɗa da Larabci. Na faɗa masa da Larabci, amma da na fito ƙofar gida sai na kama kaina ina ƙarasa wa tantabaru da Hausa.

Ranar da Baba ya rasu ni na riƙe gaban makara ta dama, kuma na ƙi ba kowa har muka isa. Bai kai nauyin da na zata ba. Ina kewar mutanen nan, ina kewar tsakar gidan da za ka jingina da bayan maƙwabcinka ka san ba zai matsa ba. Na hau benaye masu tsawo a rayuwata, amma ban sake kaiwa inda kafaɗar Babana ta kai ni ba.